Hotunan Coci da Zauren Gidanmu

Ina cikin shekarata ta huɗu a wani shagon hoto a unguwar Malaz ta birnin Riyad lokacin da Dakta ya shigo mana da akwatinsa. Aikina a shagon ba wani abin a zo a gani ba ne. Hoton iƙama, wato katin izinin zama, hoton fasfo, hoton lasin tuƙi. In ce wa mutum ya ɗaga haɓa, ya daina murmushi, ya tsaya cak, in danna, in yanka gida shida in zuba masa a ambulan. Ban da wannan ni ke kula da sikana, wato na'urar da ke kwashe tsohon hoto ta shigar da shi kwamfuta. Wani ya kawo hoton kakansa da ya koɗe, wata ta aiko da na ranar yaye ɗanta, in gyara in miƙa. Gaskiya aikin ya fara gundurata.

Dakta dattijo ne ɗan ƙasa, ya koyar da zanen gine-gine a jami'a har ya yi ritaya, gidansa na bayan layinmu. Da hantsi ya zo, rungume da akwatin katako, ya ƙi yarda kowa ya karɓar masa. Ya ce wa mudir ɗinmu, wato manajan shagon, yana son a kwashe masa hotuna ɗari da ɗoriya, amma da sharaɗi biyu: yana zaune za a yi, kuma mai yin sai ya sa safar hannu. Mudir ya nuna ni da baki ya koma kan shayinsa.

Na sa safa na ɗaga na farko. Takarda ce mai launin ƙasa-ƙasa, an manna ta a kwali mai kauri. Wani gini ne dogo, ƙofofi uku manya, kowacce ta tsuke a sama ta yi tsini, ga hasumiya biyu, ga wata taga zagayayya a tsakiya da aka sassaƙa kamar aikin wuyan riga. Ina cikin kallo sai idona ya kai can ƙololuwa, na ga kuros. Na janye hannu.

"Ya Duktur, wannan ai coci ce."

"Coci ce, ya waladi," in ji shi, ko a jikinsa. "Ba cewa na yi ka shiga ba. Shuf, duba yadda dutse yake tsayuwa."

Na ɗan saci kallon mudir, na ga hankalinsa na kan waya, sai na ɗora hoton a sikana.

Dakta mutum ne da ba ya iya yin shiru in yana gaban abin da yake so, ni kuma ga son jin labari. Kafin azahar na san cewa sunan wannan salon gini Gotik, kuma tun yana saurayi yana karatu a Faransa ya dinga tsintar hotunan ɗaya-ɗaya a wajen masu sayar da tsofaffin takardu. An ɗauke su tun kyamara tana jaririya, shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Ya ce takardar ma da farin ƙwai ake shafe ta kafin a wanke hoto a kai. Na bushe da dariya, na ce ashe Turawa ma sun yi zamanin dabara. Ya ce in kai hancina kusa in ji, na kai, ban ji komai ba sai warin tsohon kwali, ya ce to hancina ne ba shi da ilimi.

Na tambaye shi me ya sa duk coci, coci, kamar ba su da wani abin ɗauka. Nan ya gyara zama. Ya ce kyamarar farko ba ƙiftawa take yi ba, buɗe idonta ake yi a tsaya ana jira, wani lokaci mintoci da yawa, a cikin gini mai duhu ma fiye da haka. Mutum ba zai iya daskarewa haka ba, doki ba zai iya ba, amma dutse ba inda za shi. Shi ya sa masu hoton farko suka tare a gindin waɗannan gine-gine. Ya nuna mini wani dandali a gaban coci, fayau ba kowa. Ya ce kasuwa ce ke ci a wurin, mutanen ne duk suka goge saboda suna motsi. Na ƙura ido, sai ga wata inuwa-inuwa a gefe, rabin keken doki da ya ɗan tsaya ya wuce. Ni da nake yini ina faɗa da mutane su tsaya na rabin daƙiƙa, na fahimci wahalar mutanen nan fiye da yadda Dakta yake zato.

Ya ce kuma hotunan sun yi aikin da masu ɗaukar su ma ba su zata ba. Gwamnati ta taɓa tura masu hoto su zaga ƙasa su ɗauki tsofaffin gine-gine kafin a taɓa su da gyara. Wanda bai taɓa barin ƙauyensu ba ya ga cocin wani gari a takarda. Ɗalibai suka koyi gini da su, magina a wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Mutanen da ke wucewa ta gaban gini kullum ba su ɗaga kai ba, da suka gan shi a hoto sai suka fara cewa namu ne, kada a rushe. Da yaƙi ya farfasa wasu, hotunan nan na cikin abin da masu gyara suka duba.

Rana ta uku muka kai ga hotunan ciki. Na ɗaga wani, na juya shi daidai. Mai hoton ya ɗaga kyamara sama ne ya ɗauki rufin. Daga kowane ginshiƙi wasu layuka sun taso, sun lanƙwasa, sun je sun gamu a tsakiya sun gicciye juna. Ban san lokacin da na miƙe ba, da Hausa ma na yi maganar.

"Kai! Wannan ai bakan gizo ne! Ɗaurin guga ne wallahi!"

Dakta ya ce, "Esh? Me ka ce?"

Larabcina na kasuwa ne, ranar kuwa sai da na matse shi tas. Na ce masa a gidanmu a Zariya akwai zaure, ɗakin shiga gida inda maza ke zama, kakana ne ya gina shi. Rufinsa haka yake sak, irin wanda magina ke kira bakan gizo ko ɗaurin guga, baka huɗu sun taso daga bango sun gamu a sama. Na jawo ambulan ɗin hoton fasfo na zana masa a baya. Ya ce da wane dutse? Na ce babu dutse ko ɗaya, ƙasa ce da azara, wato itacen giginya da ake tsagawa. Ana jera azara tana hawa kan 'yar'uwarta, kowacce ta ɗan fi ta ƙasa leƙowa, a ɗaure, a yaɓe da ƙasa, har baka ya rufe. Na ce kakana magini ne, babana magini ne, ni ne na ga laka na ce ba da ni ba, na gudu makaranta, daga nan na faɗa hoto.

Dattijon nan ya cire tabarau ya mayar, ya cire ya mayar. Tambaya yake jero mini, faɗin nawa, tsawon nawa, shekara nawa yana tsaye. Can ya miƙo hannu.

"Yalla, nuna mini hotonsa."

Na buɗe waya na yi ta ja. Hoton abokai a kasuwar Utaiƙa, hoton ɗakinmu na unguwar Suwaidi, hoton motar wani da na jingina da ita. Zauren da na yi rarrafe a ciki babu shi. Shekara goma ina cin abinci da kyamara, ban taɓa ɗaga ta sama a gidanmu ba. Kunya ta rufe ni. Dakta bai yi mini dariya ba. Ya ce shi ma a gidan ƙasa aka haife shi a cikin garin nan, yana ƙasar waje yana tara hotunan cocin mutane aka rushe gidan ubansa, ko hoto ɗaya ba shi da shi. Ya ce kada in yi irin tasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kira Yaya, babban wanmu, wanda gidan yake hannunsa tun da ƙarfin Baba ya ragu. Ina ta zumuɗi ina ba shi labari, sai ya katse ni.

"Zauren? Ai ka yi sa'a. Sati uku ya rage mu sauke shi. Gara ta ci gefen gabas, bango ya tsage, in damina ta same shi haka kan mutane zai faɗo. Bulo za mu sa."

Na yi magiya a dakata. Ya ce in zo in tare ruwan sama da hannuna. Ya kuma fi ni gaskiya, na sani. Zuwa gida kuwa babu hali, hutuna saura wata takwas, kafilina, wanda nake zaune a ƙarƙashin izininsa, ma ba ya gari balle a yi zancen takardar fita. Abu ɗaya ya rage, a ɗaukar mini hoton rufin nan kafin ya tafi. Na ce, "Yaya don Allah hoton zauren nake so, mai kyau, zan nuna wa wani babban malami." Ya ce wannan ai mai sauƙi ne.

Bayan kwana biyu hotuna suka shigo. Na buɗe da sauri a gaban Dakta. Mutanen gidanmu ne kaf, sun fi talatin, kowa ya ci kwalliyar Sallah, an jeru sahu uku a ƙofar zaure. Har da maƙwabta. Zauren kuwa, in ka cire wani ɗan yanki na bango a saman hular Yaya, ba ka ganin komai. Dakta ya yi dariya har da tari, ya ce masha Allah, zuri'a ta yi albarka. Ni ma na yi dariyar, don na san abin da ya faru. A wajenmu hoto na mutum ne. Wa zai tsaya ya ɗauki bango ba kowa a gabansa, sai ka ce ya rasa dangi?

Na sake kira na yi bayani dalla-dalla: ciki nake so, ba mutane, rufin. Aka ɗauki kwana huɗu. Da hotunan suka zo sai na ga an share zauren an shimfiɗa leda sabuwa, an aro kujerun roba an jera, an rataya labule ya rufe tsagar bangon, har da fulawar roba a kan tebur. Rufin ya fito kamar faɗin yatsa biyu a can saman hoton. Wannan karon ban yi dariya ba. Haushi ya turnuƙe ni, na fita bayan shago na kira shi a tsaye cikin rana.

"Yaya, wai kujera na ce maka ban taɓa gani ba? Sama na ce! Sama!"

"Kai dakata, mutumin Saudiyya," in ji shi. "Saman da hayaƙi ya baƙanta, ga yanar gizo, ga tsaga? So kake ka kai wa Balarabe ya ga a cikin me muke kwana? Mu muna rufa maka asiri kana mana ihu."

Ina da saurin fushi, ban ɓoye ba. Na faɗa masa maganar da ƙane bai kamata ya faɗa wa wansa ba, na ce bai san darajar abin da ya gada ba. Ya ce wanda ya san darajar ai shi ne ya tsere ya bar su da shi. Ya kashe waya. Sati guda cur ba ya ɗaga kirana, ni kuma ina lissafin kwanaki, abinci ma ba ya mini daɗi.

Dakta ne ya ce in daina bayani da baki, in tura musu hoton rufin cocin su gani. Baba mutum ne da ba ya wasa da addini, ban san yadda zai ɗauki a ce ɗansa na ƙasa mai tsarki ya aiko masa da hoton coci ba. Amma kwana takwas suka rage. Na tura wa Yaya, na haɗa da ban haƙuri, na roƙe shi ya nuna wa Baba, kuma ban ɓoye ko ginin mene ne ba.

Washegari da safe saƙon murya ya shigo. Muryar Baba ce, a hankali kamar kullum.

"Alhajin Riyad, na ga abin. Wanda ya ɗaura wannan ya san hannunsa, ko wane ne shi. Amma ka tambayar mini Balaraben naka, ina nauyin yake sauka? Na ga ginshiƙan sun yi siriri da yawa, ga bangon duk taga. Akwai abin da ba a nuna mini ba."

Na fassara wa Dakta. Tsohon nan ya daki tebur har sikana ta girgiza. Ya hau tonon akwati da kansa, ya manta da zancen safa, ya zaro hoton bayan ginin. Ga wasu hannuwan dutse sun taso daga waje sun dafe bangon ta kowane gefe. Na kwashe na tura. Ba a yi minti goma ba amsa ta dawo, Baba yana dariya.

"Na faɗa! Ta waje ya tokare shi. Wayo ke nan. Mu da kaurin bango muke riƙewa, shi ya sa zaurenmu ba ya son taga."

Daga nan na zama tafinta. Dattijo a Malaz, dattijo a Zariya, ba wanda ya san yaren wani, suna musu a kan rufi ta bakina. Dakta ya tambaya, Baba ya amsa ya ƙara da tasa tambayar. Wani ya shigo hoton iƙama in danna masa a gurguje in dawo. Mudir ya yi ƙorafi sau biyu, a na uku shi ma ya jawo kujera. Rabon da in yi magana da Baba ta wuce gaisuwa da ya jiki har na manta, sai ga shi a kwana biyu mun yi ta shekara biyar. Daɗi kamar ya kashe ni.

A rana ta uku Baba ya ce, "Yanzu na gane. Ɗaurin kuke son gani. To ko an ɗauki saman, yaɓe kawai za ku gani, ɗaurin yana ciki. Ku bari sai ranar saukewa."

Yaya ya riga ya shirya ma'aikata da za su zo da diga su gama a yini ɗaya. Baba ya ce a'a. Ya aika aka kira masa tsofaffin abokan aikinsa biyu, ya ce yadda aka hau da shi haka za a sauko da shi, daga sama, hawa-hawa, kuma ba a cire komai sai an ɗauka. Dakta ya ba da nasa umarnin, na isar musu: a ɗauka da safe lokacin da haske ke shigowa ta gefe, a jingina wayar da wani abu kada hannu ya girgiza, a tsayar da mutum ɗaya a gefe don a gane girman ginin, kamar yadda masu hoton da suke yi. Yaya ya kifa turmi a tsakiyar zaure ya ɗora waya. Ya ce mini shi fa duk wannan wahalar don Baba yake yi, ba don ni ba. Na ce na gode a hakan.

Kafin a taɓa komai ya turo na farko, rufin gaba ɗaya, da baƙin hayaƙinsa da tsagarsa. Baka huɗu sun taso sun gamu. Na wanke shi nan take muka ajiye shi kusa da na cocin a kan kanta. Dakta ya daɗe a tsaye yana duba wannan yana duba wancan, yana ta subhanallah.

Kwana huɗu aka yi ana saukewa. Kowace safiya ina buɗe shago waya na fara ƙara, Dakta kuma ya riga ni zuwa, yana tsaye a ƙofa da sandarsa. Aka kankare yaɓe, azara ta bayyana, jere a kan jere, kowacce ta leƙo gaban 'yar'uwarta. Aka nuna inda suka shiga bango, aka nuna inda bakan gabas ya ruɓe. Yaya da ya fara da gunaguni, a rana ta biyu shi ke cewa a dakata haske bai yi ba, a rana ta uku har tsani ya hau don ya samo wani lungu da ba wanda ya tambaye shi. Ya kira ni yana haki ya ce, "Kai, ashe haka cikin abin nan yake? Shekara hamsin ina zama a ƙarƙashinsa!" Muka jera hotunan a bangon shago bi da bi, sittin da wani abu, masu zuwa hoton fasfo suna tsayawa suna tambaya ko wace ƙasa ce.

A rana ta ƙarshe aka kai ga tsakiya, inda bakunan suka gamu. Hoton da ya zo na kusa ne ƙwarai. Azara huɗu sun haɗa kai, an naɗe su da igiya, ta yi baƙi amma ba ta tsinke ba, ƙullin yana nan daram. A gefe ga hannun Baba ya dafa.

Sai a lokacin murnata ta ɗan lafa, na tuna cewa mutumin nan aikin ubansa yake warwarewa da hannunsa, kuma ni na ja. Na kira, Yaya ya miƙa masa.

"Baba, ka yafe mini. Na san abin nan da ciwo."

Ina jin ƙarar ƙasa tana zuba a bayansa.

"Ciwo kuma? Ina ɗan shekara shida aka yaɓe wurin nan, ban taɓa ganin cikinsa ba. Duk ginin da na yi a rayuwata, da baki mahaifina ya koya mini wannan ƙullin, kullum yana cewa ban matse ba. Yau na ga nasa." Ya ja numfashi. "Irin nawa ne sak. Ashe na iya."

Dakta yana ta taɓa ni yana tambaya me ya ce, me ya ce, na ɗaga masa hannu.

"Kana jina?" in ji Baba. "Wannan na igiyar, ka wanke mini shi babba. In an samu mai zuwa gida ka ba shi ya kawo mini."

Na ce to, Baba. Na ajiye waya na je na ɗauko takarda mafi girma da muke da ita a shagon.